Mun sa jari a kamfanin Indiya, yanzu Kwamishinan haraji ya ce zai warware lissafin da aka rufe

"Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe da sashen kuɗi a kamfaninmu. A Janairun 2021 mun sa jari a wani ƙaramin kamfanin haɗa kayan asibiti a Indiya, kuɗin ya bi ta wani kamfani namu da ke ƙasar Morishus. Hannun jarin da farashinsa na takarda rufi (kuɗin Indiya) 10 ne, mu mun saye shi rufi 400 kowane ɗaya. Hukumar harajinsu ta binciki shekarar, aka rufe fayil a Disamban 2022 ba a ƙara musu komai ba. Yanzu a wannan Fabrairun na 2025 mutanen kamfanin na Indiya sun turo mana cewa Kwamishinan haraji ya aiko musu da notis ƙarƙashin sashe na 263 na dokar harajinsu, wai jami'in farko bai binciki kuɗinmu yadda ya kamata ba, zai soke aikin a sake. Suna so mu tura musu takardun asusunmu na shekara uku cikin kwana goma. Maigidana ya fusata yace kar a tura komai. Shin hukumar harajin na da hurumin tada maganar da ta riga ta mutu? Kuma jari ai ba riba ba ne, harajin me za a ɗora masa?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu biyu ka tambaya, ko Kwamishina na da ikon komawa kan aikin da jami'insa ya riga ya sa wa hannu, da kuma ta yaya jari zai koma abin yanka wa haraji. Amma akwai na uku da ka ambata a wuce kuma shi yafi tsaya min a rai, wato umarnin maigidanka. Don Allah tun kafin ka gama karanta wannan amsar ka fara shirin lallaɓa shi, saboda ƙin tura takardun nan shine abu ɗaya da zai iya kayar da ku ko da kuna kan gaskiyarku. Na fahimci fushinsa, mutum ya fitar da kuɗinsa na halak ya zuba a ƙasar wasu, bayan shekara huɗu a ce ya zo ya nuna inda ya samo su, dole ransa ya ɓaci. Sai dai ba shi hukumar ke tuhuma ba a takarda, kamfanin da kuka sa wa kuɗin ake tuhuma, kuma shi kamfanin bashi da abin kare kansa in ba takardunku ba.

Ikon da sashe na 263 ya bayar

Eh, suna da hurumin, amma ba sake-sake ba ne. Kusan kowace ƙasa ta bar wa hukumar harajinta ƙofar komawa baya, a Amurka shekara 3 ne a al'ada, ya zama 6 in an ɓoye kaso mai yawa na kuɗin shiga, a Ingila 4 ne ko 6 ko ma 20 in da gangan aka yi. A dokar harajin Indiya ta 1961, wadda ke aiki a 2025, manyan ƙofofin biyu ne kuma mutane na yawan cakuɗa su. Ta farko sashe na 147 da 148, inda shi kansa jami'in da ke tantance harajin yake sake buɗe fayil saboda ya samu bayanin cewa wani kuɗi ya kuɓuce wa haraji, kuma tun 2010 a shari'ar Kelvinator Kotun Ƙolin Indiya ta ce ba zai buɗe ba don kawai ya canza ra'ayi. Ta biyu ita ce taku, 263, a nan ba jami'in ba ne ke dawowa, ogansa ne, Kwamishina, yake janyo fayil ɗin ya duba ya ce yaron nan nawa ya yi kuskure.

Doka ta ɗaure masa hannu da sharaɗi biyu kuma dole su haɗu. Hukuncin jami'in ya zama akwai kuskure a ciki, sannan kuskuren ya zama ya jawo wa baitulmali asara. In ɗaya ya faɗi shikenan aikin Kwamishina ya faɗi. Wannan shine abin da Kotun Ƙoli ta kafa a shekarar 2000 a shari'ar Malabar Industrial, kuma duk lauyan da zai rubuta muku amsa da ita zai fara. A nan ne kotun ta ce in doka na ɗaukar fahimta biyu jami'i ya bi ɗaya, Kwamishina ba zai kira shi kuskure ba don kawai shi ɗayar yake so. Abin da da yawa ke mantawa shine shi kamfanin Malabar ɗin kansa faɗuwa ya yi a shari'ar, saboda kotu ta ga jami'in karɓar abin da aka rubuta masa kawai ya yi bai bincika komai ba. Ka riƙe wannan, can za mu dawo.

Sai lokaci. Kwamishina na da shekara 2 daga ƙarshen shekarar kuɗin da aka yanke hukuncin farko a cikinta, ita kuma shekarar kuɗin Indiya daga 1 ga Afrilu take farawa ta ƙare 31 ga Maris. Naku an rufe a Disamban 2022, shekarar ta ƙare 31 ga Maris 2023, ka ɗora biyu, kenan yana da zuwa 31 ga Maris 2025 ya fitar da hukuncinsa. Kaga dalilin kwana goman da aka baku kenan, shi ma lokaci ne ya ƙure masa. A 'yan shekarun da na yi ina bin irin waɗannan fayiloli daga ɓangaren masu zuba jari, mafi yawan notis ɗin 263 da suka zo hannuna a Fabrairu da Maris suka zo, kuma sau da yawa asalinsu masu binciken odit ne na cikin hukumar suka sa alamar tambaya a fayil, Kwamishina kuma baya so a ce ya bari lokaci ya wuce. Ma'anar wannan gare ku ita ce in kuka yi shiru ba zai jira ku ba, zai rubuta cewa an basu dama basu ce komai ba, ya soke ya wuce.

Bai bincika ba daban, bai zurfafa ba daban

Nan ne shari'ar take. Mutane na ɗauka rigimar a kan ko rufi 400 ya yi tsada ne ko bai yi ba, sai su ɓata ƙarfinsu wajen kare farashin. A wannan matakin ba shi ake tambaya ba. Abin da ake tambaya shine, a 2022 jami'in ya tambayi maganar kuɗinku? Kamfanin ya bashi amsa da takardu? In ya tambaya aka amsa ya gamsu, to ya yi bincike, ko da a hukuncin da ya rubuta bai ce uffan a kai ba. Babbar Kotun Bombay ta faɗi haka tun 1993 a shari'ar Gabriel India, cewa rashin dogon bayani a hukunci baya nufin jami'i bai yi tunani ba, Babbar Kotun Delhi kuma a shari'ar Sunbeam Auto ta raba tsakanin rashin bincike ɗungurungum da binciken da Kwamishina ke ganin bai kai yadda shi zai yi ba. Na farkon yana bashi dama, na biyun baya bashi.

Sai dai a 2015 majalisa ta ƙara wani bayani a jikin sashen, wanda ya fara aiki 1 ga Yuni na shekarar, cewa za a ɗauki hukunci a matsayin mai kuskure in a ganin Kwamishina an yanke shi ba tare da binciken da ya kamata a yi ba. Tun daga nan Kwamishinoni suka riƙa jingina da wannan layin, ina da tabbacin yana cikin notis ɗinku. Kotunan haraji da dama sun ce wannan ƙarin bai mayar da ikon ya zama na son rai ba, dole Kwamishina ya nuna takamaimai me ya kamata a bincika aka bari, amma ba duk alƙalai ke tafiya a layi ɗaya ba, wasu zaman kotun sun fi sassauta wa hukuma, shi yasa bana iya ce maka ga yadda za ta kaya tun ban ga fayil ɗin ba.

Bari in baka misalin abin da na gani da idona. Akwai wani fayil mai kama da naku sosai, notis ɗin shafi biyu ne yana cewa jami'i ya kasa tantance ko mai zuba jarin na waje yana da ƙarfin da zai fitar da kuɗin. Hankalin kowa ya tashi, ana ta maganar a nemo sabon rahoton ƙiyasta daraja. Na ce a dakata, a fara buɗe min shafin kamfanin na intanet ɗin hukumar haraji, don tun wajen 2020 binciken haraji a Indiya ya koma ta intanet ba ido da ido, duk tambayar da aka aiko da duk amsar da aka loda suna nan da kwanan wata da lambar shaidar karɓa. Muna gangarawa sai ga takardar tambayoyi ta sashe na 142(1), tambaya ta bakwai tana cewa a kawo suna da adireshin duk wanda ya sayi hannun jari, da shaidar shigowar kuɗi, da dalilin ɗorin da aka yi a kan farashin takarda. Ƙasa da ita ga amsar da wata yarinya a ofishin akantansu ta loda, shafi arba'in da wani abu, har da asusun mai zuba jarin da aka yi wa odit. Wannan lambar shaidar karɓa ita ce ta ci shari'ar a kotun haraji, ba wani dogon turanci ba. Wani fayil ɗin kuma akasin haka, jami'in bai taɓa tambaya ba, akanta shi ma ya ga tunda ba a tambaya ba me zai kai shi, aka rufe lafiya kowa na murna. Da 263 ya zo babu abin nunawa, aka soke, aka sake bincike daga farko, an dai kuɓuta daga baya amma bayan kusan shekara uku ana kashe kuɗin lauya.

To abu na farko da zaka nema daga wajen mutanen kamfanin na Indiya, tun kafin ka tura naka, shine su turo maka duk tambayoyin 2022 da duk amsoshin. Ka kuma tambaye su dalilin da aka zaɓi fayil ɗin don bincike tun farko, domin kwamfutar hukumar kan zaɓo wasu fayilolin ne a kan abu ɗaya ko biyu kawai. In dalilin shine ɗori mai yawa a kan hannun jari, to da wuya a ce jami'in bai tambaya ba, wannan alheri ne gare ku. In kuma a kan wani abu daban aka taƙaita binciken, lauya na da wata hujjar, cewa ba a zargin jami'i da barin abin da ba a bashi izinin taɓawa ba.

Ta inda jari ke komawa abin haraji

Maigidanka yana da gaskiya a asali, jari ba kuɗin shiga ba ne. Har kotu ta faɗi haka ɓaro-ɓaro. Reshen Vodafone na Indiya ya fitar wa uwar kamfanin hannun jari a kan kusan rufi 8,500 kowane, hukuma ta ce darajarsa ta haura rufi 53,000, wai sun sayar wa 'yan gidansu da arha don haka za a yanka haraji a kan giɓin. A Oktoban 2014 Babbar Kotun Bombay ta ce fitar da hannun jari harkar jari ce, babu kuɗin shiga a ciki balle a yanka masa wani abu, Shell ma ta ci irin wannan bayan wata guda, kuma a Janairun 2015 gwamnati ta ce ba za ta ɗaukaka ƙara ba.

Amma hukumar ba ce muku take jari riba ne ba. Cewa take ku tabbatar min jari ne. Sashe na 68 ya ce duk kuɗin da ya shiga littafin kamfani aka kasa bayaninsa yadda jami'i zai gamsu, za a ɗauke shi kuɗin shigar kamfanin ne na wannan shekarar. Bayanin kuma kotuna sun daɗe da tsara shi a kan abu uku, waye ya bada kuɗin, yana da ƙarfin da zai bayar, kuma cinikin na gaske ne ba shiri ba. In aka faɗi a nan ba harajin kamfani na yau da kullum za a biya ba, na shekarar da kuɗinku ya shiga kashi 60 ne, a ɗora ƙarin kashi 25 na harajin da kashi 4 na lafiya da ilimi, ya tashi kashi 78 cikin 100 na duk kuɗin da kuka zuba, ba a yarda a rage shi da asarar kamfani ba, ga tara ga kuɗin ruwa na jinkiri. Ka lissafa wa maigida wannan a takarda ka ajiye masa, ina ganin zai sake tunani.

Me yasa suke da wannan zargin? Saboda an cuce su da yawa ta wannan hanyar, gaskiya kenan. Mutum na da kuɗin da bai biya wa haraji ba, sai ya miƙa wa dillalai, su zagaya da shi ta kamfanonin takarda biyar ko goma, ya dawo masa a matsayin wai wani ya sayi hannun jarin kamfaninsa da tsada. An zaɓi ɗori mai yawa ne don kuɗi mai yawa ya shigo amma kason mallaka kaɗan ya fita. Kolkata ta yi suna a wannan, kuma a 2016 Babbar Kotun Kolkata a shari'ar Rajmandir Estates ta goyi bayan Kwamishina da ya yi amfani da 263 ɗin nan a kan irin wannan jarin. A 2019 Kotun Ƙoli a shari'ar NRA Iron and Steel ta duba kamfanin da ya sayar da hannun jarin rufi 10 da ɗorin rufi 190, aka je adireshin wasu daga masu sayen ba a same su ba, wasu kuma kuɗin shigarsu bai taka kara ya karya ba, kotu ta ce nuna cewa kuɗi ya bi ta banki kaɗai baya wadatarwa. Wasu kuma fitar da kuɗin suke waje ya dawo da rigar baƙo, kuma Morishus ta daɗe cikin ƙasashen da jarin waje ya fi shigowa Indiya ta cikinsu. To ka dubi fayil ɗinku da idon Kwamishina, ƙaramin kamfani, ninki arba'in, kuɗi daga Morishus. Ba wai kun yi laifi ba, amma kamannin sun yi yawa, kuma wanda aka nemi asusunsa ya ƙi bayarwa a wajensu mai kaza a aljihu ne.

Akwai abubuwa biyu da ke gefenku. Tun 2012 an ƙara wa sashe na 68 wani sharaɗi cewa kamfanin da ba na kasuwar hannun jari ba sai ya bayyana har inda mai zuba jarin ya samo nasa kuɗin, amma lafazin sharaɗin ya tsaya ne a kan mai zuba jari mazaunin Indiya, ku kuwa ba mazauna ba ne. Lauyanku zai kawo wannan kuma daidai ne, sai dai kar ku kwanta a kansa, don abubuwa ukun can na asali suna nan daram, kuma in kamfaninku na Morishus bashi da wata sana'a sai riƙe hannun jari, ba yadda za a nuna ƙarfinsa ba tare da an nuna daga ina aka zuba masa ba. Ni a aikina bana jayayya a kan wannan, in kuɗin tsafta ne sai in nuna hanyarsa tun daga uwar kamfani, in rubuta a sama cewa muna bayarwa ne don kashe magana ba don doka ta tilasta ba.

Na biyu, maganar cewa farashin ya wuce kima. Akwai sashe na 56(2)(viib) da aka kawo a 2012, wanda ke yanka haraji a kan abin da ya haura darajar gaskiya ta hannun jarin. Shekara goma sha ɗaya bai shafi kuɗin da ya zo daga waje ba, sai a dokar kuɗi ta 2023 aka faɗaɗa shi ya haɗa da baƙi, sannan a kasafin Yulin 2024 aka soke shi gaba ɗaya. Kuɗinku ya shiga a Janairun 2021, saboda haka wannan sashen bai hau kanku ba, in notis ɗin ya jingina da shi to kuskure ne a fili. Ga kuma wata hujja da nake so a sa a amsar, dokar musayar kuɗin waje ta Indiya ita kanta ta hana a sayar wa baƙo hannun jari ƙasa da darajarsa, tana yarda a wuce sama amma ba a sauko ƙasa ba. Kenan lokacin cinikin dole an yi rahoton ƙiyasta daraja, bankin da ya karɓi kuɗin ya bada takardar FIRC ta shaidar shigowar kuɗin waje, kamfanin kuma ya cika fom ɗin FC-GPR ga Babban Bankin Indiya cikin kwana 30 da raba hannun jarin. Waɗannan ukun kamfanin na Indiya ya nemo su yau. Basu isa su kaɗai ba, amma rashinsu babbar matsala ce.

In rahoton darajar an gina shi ne a kan hasashen kuɗin da kamfani zai samu nan gaba, ka shirya jin cewa ai hasashen bai cika ba. Kullum sai sun faɗi haka. Amsar ita ce ana auna hasashe da abin da aka sani ranar da aka yi shi, Babbar Kotun Delhi ta bi wannan fahimtar a 2021 a shari'ar Cinestaan, kuma ku da kuka sa kuɗi a kayan asibiti ana tsakiyar korona kuna da labari mai ma'ana da zaku bayar. A nemo wasiƙun imel na lokacin, bayanan zaman daraktocinku inda aka amince da cinikin, binciken da kuka yi wa kamfanin kafin ku biya. Waɗannan sun fi duk wani rahoto da za a rubuta yanzu daraja, don an rubuta su ba a san za a yi rigima ba.

Yadda zan bi da shi in nine

A amsa notis ɗin cikin lokaci, a rubuce, kuma amsar ta tafi da ƙafa biyu. A fara da cewa Kwamishina bashi da hurumi, ga tambayar da jami'i ya yi ranar kaza, ga amsar da aka bashi ranar kaza, ga lambar shaida. Sannan a ce ko da an ajiye wannan gefe, ga takardun da ke nuna kuɗin na gaske ne, ya duba da kansa. Amfanin na biyun shine in aka ajiye masa komai a gaba ya ƙi dubawa, ya ce kawai a koma a sake bincike ba tare da ya nuna kuskuren ba, ya baku babbar hujja a kotu. A nemi zaman sauraro, a kuma rubuta duk abin da ya taso a zaman. Dalilin da nace haka, a 2016 a shari'ar jarumin fim Amitabh Bachchan Kotun Ƙoli ta ce Kwamishina ba a ɗaure yake da abin da ya rubuta a notis kaɗai ba, zai iya tado wani batun, abin da ke kansa dole shine ya bada damar a kare kai. Saboda haka kar lauya ya je da shirin layi biyun da ke cikin notis kawai.

Game da damuwar maigida ta tona asirin kasuwancinsa, akwai tsaka-tsaki. Ba sai an tura duk shige da ficen asusu na shekara uku ba. Asusun shekara da aka yi wa odit, takardar rajistar kamfanin Morishus da shaidar zamansa mai biyan haraji a can, bayanan banki na watannin da ke kewaye da ranar tura kuɗin, da takardar da ke nuna su waye masu kamfanin na ainihi, yawanci wannan ya isa. Ku tura ta hannun lauya kai tsaye in baku so abokan hulɗar su gani. Ka kuma sanar da shi cewa akwai yarjejeniyar musayar bayanan haraji tsakanin Indiya da Morishus, in kuka hana za su iya nema ta can, sai ya zama sun samu kuma an rubuta cewa kun ƙi.

In duk da haka Kwamishina ya soke, kuma ka sa a ranka zai iya, ba ƙarshen magana ba ne. Hukuncin 263 ana ɗaukaka shi kai tsaye zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta haraji, wadda suke kira ITAT, cikin kusan wata biyu, lauya ya lissafa muku ranar daidai. Kuskuren da na sha gani shine a ce bari mu ga abin da sabon binciken zai haifar tukuna, lokaci ya wuce, daga baya a zo ana son ƙalubalantar hurumin Kwamishina an riga an makara. Ana tafiyar da biyun tare ne, ƙara na kotu, sabon bincike na gudana kuna amsawa, in kotu ta rushe hukuncin Kwamishina duk abin da aka gina a kansa ya rushe. In kuma sabon binciken ya riga ya fito da bashin haraji, al'adar hukumar a 2025 ita ce a ajiye kashi 20 kafin a dakatar da karɓar sauran ana sauraron ƙara, to a fara tunanin inda wannan zai fito. Nan zaka ɗauko yarjejeniyar sayen hannun jarinku ka duba sashen da ke maganar wa zai ɗauki nauyin harajin baya da kuma wajibcin ba juna haɗin kai, don in kamfanin ya faɗi saboda kun hana takarda, su ma suna iya juyowa kanku.

Wani zai ce muku ku garzaya Babbar Kotu a tsayar da notis ɗin tun yanzu. Ana yi, amma kotunan basu cika karɓa ba in akwai hanyar ɗaukaka ƙara a buɗe, sai in lokaci ya wuce ƙarara ko an hana ku magana. Naku lokaci bai wuce ba, ni bazan kashe kuɗi a nan ba.

Ni ba na tsayawa gaban kotunan Indiya, aikina daga ɓangaren mai zuba jari ne tare da lauyoyi da akantocin can, kuma abin da na faɗa na gina shi ne a kan layukan da ka rubuto. Ku ɗauki naku lauyan daban da na kamfanin ko da na duba amsar ne kawai kafin a loda ta, saboda duk abin da aka rubuta game da kamfaninku na Morishus a wannan fayil ɗin zai dawo ranar da zaku sayar da hannun jarin. An gyara yarjejeniyar haraji ta Indiya da Morishus a 2016, duk hannun jarin da aka saya daga 1 ga Afrilu 2017 Indiya na da ikon yanka haraji a kan ribar sayar da shi, naku na 2021 yana ciki, kuma ranar za a sake tambayar waye ainihin mai kamfanin da inda ake yanke shawararsa. Abin da kuka faɗa yau ya zama shine zaku iya maimaitawa ranar.

In sun turo maka tambayoyin 2022 ɗin, ka duba ko akwai wadda ta ambaci sashe na 68 ko ɗorin hannun jari, ka goge sunaye ka turo min lafazinta da ranar da aka amsa ta, daga nan zan iya gaya maka ƙafar da ya kamata lauyan ya fi dogara da ita.